Duron Takin Inna

A shekarar da soja suka miƙa mulki, ni ba wanda ya hau ko wanda ya sauka ne ya dame ni ba. Inna ce damuwata. Da bazara ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu can ƙauye, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ƙanena ya ɗauko ta a bayan a-kori-kura ya kawo ta asibitin da nake aikin jinya. Da aka sallame ta likita ya ce maganin hawan jini kullum, gashi da motsa jiki duk mako, kuma kada a kuskura a yi nisa da ita. Sai na ajiye ta a wurina, ciki da falo a wani gidan haya a unguwar Gyadi-Gyadi, inda nake zaune ni kaɗai tun da aurena ya mutu.

Ni ce 'yar farinta, kuma Inna mutuniyar da ce ta gaske. Daga yaye aka kai ni gidan gwaggona, can na girma. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "Ko akwai ruwa a gidan nan?" In ya zama dole ta ambace ni, to "waccan" ce. A yabe ni a gabanta ta kau da kai, a zage ni ko gezau. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ga ni ina yi mata wanka, ina sauya mata zani, ita kuwa da bango take hira.

Bangon ta fara gaya wa cewa tafiya za ta yi. "Da ƙafar nan ta kai ni bakin titi, sai gida," in ji ta. Na san abin da gida yake nufi. Ƙwayar magani za ta ƙare, babu mai zuwa gari ya sayo, a koma jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Na ga irinta da yawa a asibiti. Su tafi da ƙafarsu, bayan 'yan watanni a dawo da su a naɗe cikin tabarma, in ma an dawo da su. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa ƙanena ya yi magana, duk a banza. Ƙafar kuwa kullum ƙara ƙwari take, ni da kaina nake kai ta gashin da zai ba ta ƙarfin guduwa daga hannuna.

Abu ɗaya na lura yana tayar mata da hankali fiye da ciwon. Duk safiya matan gidan kan share tsakar gida, su haɗa ɓawon doya da toka da ragowar ganye, a ba almajiran shara ko a watsa a bola ta bakin layi. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana bin kwandon da ido kamar an ɗauke mata akuya. "Mutanen birni," ta ce wa bango, "abincin gona suke zubarwa, sannan su je kasuwa suna kukan tsada." Ta ce a da masu jakuna har cikin gari suke shigowa kwasar shara su kai gona. Na ce a raina, ai gonakin ma gidaje sun cinye su, daga Darmanawa har Hotoro bulo ake shukawa.

A nan dabara ta zo mini. Inna ba ta barin aiki rabi. Ko ɗaurin tsintsiya ta fara, sai ta gama take tashi salla. Taki kuwa ba ya nuna a kwana biyu.

Na je kasuwar Tarauni na sayo tsohon duro, wanda aka taɓa zuba man gyaɗa a ciki. Mai walda ya fasa mini bakinsa, ya bi jikinsa da gindinsa da huji, ya yanka wata 'yar ƙofa daga ƙasa muka ɗaure ta da waya. Yana yi yana tambayata ko gasa masara zan fara, na ce masa ya yi aikinsa. Aka turo mini shi a baro. Akwai wani lungu tsakanin bayan ɗakina da katanga, inda ake jibge fasassun kujeru. Na nemi izinin Hajiya mai gidan, ta ce in dai ba kiwon agwagi zan yi ba, in yi abin da na ga dama. Na ɗora duron a kan bulo, na samo guntun kwanon rufi na yi masa murfi, na danne da dutse.

Ban ce wa Inna komai ba. Na fara zuba shara ciki yadda na ga dama, da gangan, ina yi ina ƙara. Ba a jima ba na ji takun sandarta. Ta tsaya a bakin lungun ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa katanga, "A gaya wa masu aikin nan, ba a farawa da ɗanye. Kara ake shimfiɗawa a ƙasa."

Na juye, na sake. Kara a ƙasa don iska ta samu hanya, sai busasshen ganyen darbejiya, sai ɓawo da ɗanyen ganye, sai kashin awaki da na roƙo a maƙwabta, sai a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwan wankin shinkafa. Ban da nama, ban da ƙashi, ban da duk abin da mai ya taɓa. Katanga ta sha umarni a ranar, ni kuwa ina ta aiki kamar ba da ni ake ba. Da muka gama Inna ta ɗora hannunta mai lafiya a kan murfin ta ce, "To, sai ya nuna." Na shiga ɗaki na yi hamdala.

Daga ranar maganar bakin titi ta mutu. Da ta idar da sallar asuba sai ta ja ƙafa zuwa lungu, ta ɗauki wata tsohuwar muciya tana juya abin da ta iya kaiwa. Da cikin duron ya ɗau zafi sai ta riƙa kama shanyayyen hannun da mai lafiyar tana cusa shi ciki, ta ce ɗumin yana ratsa ta fiye da na asibiti. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ya kamata in hana. Ban hana ba, sabulu kawai na ajiye mata a wurin.

Sharar mutum biyu ba ta cika duro, matan gidan kuma suka ce su ba za su tsaya tsince shara kamar masu tsintar shinkafa ba. Sai na shirya da masu sana'a a bakin asibiti. Mai lemo da ayaba ya riƙa tara mini ɓawo, wata mai sayar da zoɓo kuma ta riƙa ba ni tuƙar da ta tace. Na sayi bokiti mai murfi. Kullum in na tashi aiki sai in hau acaɓa da fararen kayana, bokiti a cinya, in sauka a ƙofar gida, in wuce lungu kai tsaye, in juye, in rufe da toka.

Yanzu da nake faɗa, ni ma ina ganin yadda abin yake a idon mai kallo. A ɗakin haihuwa nake aiki, duk layin an sani. Lokacin kuma kowa ya zama ɗan siyasa, fastoci har a jikin bishiya, ana ta rabon muƙamai, kuma babu irin labarin da ba a yi a majalisa da gidan biki kan abin da masu neman kujera suke kai wa bokaye. Sai damina ta kankama. Ruwa ya riƙa shiga ta hujin duron, ya jiƙa tuƙar zoɓon, wani jan ruwa ya fara tsiyaya ta gindi yana bin makwarara, ya ratsa tsakar gida ya fita kwata. Da safe in an ɗaga murfi tururi ya tashi. Wari ma ya ɗan taso, ba zan yi ƙarya ba.

A ɗakin da ke kallon nawa akwai matar wani direban bas, baƙi ne, ba su daɗe da zuwa daga ƙauyensu ba. Yarinya ce mai shiru. Kafin zuwan Inna da kaɗan ta haihu a wurinmu, ɗan bai zo da rai ba. Kowa ya san in mace ta haihu ana ba danginta mabiyiya su wanke su binne da hannunsu, ba a barinta a hannun wani. Mijin ya ce ya karɓa ya binne tare da ɗan, amma ita lokacin ba ta cikin hayyacinta, ba ta gani ba. Wannan rashin ganin ne ya zauna mata a ƙirji. Tana zaune a ƙofar ɗakinta kullum jan ruwan nan yana wucewa ta gaban ƙafarta.

Ban ankara da wuri ba. Na dai ga an daina aiko mini da ɗanɗanon girki, nawa kuma in na aika sai kwanon ya dawo yadda ya tafi. In na shigo ana hira a gindin famfo sai a yi tsit. Masu kawo mini yara in duba zazzaɓi suka ɗauke ƙafa. Mai kantin bakin layi ya daina miƙo mini canji a hannu, sai ya ajiye a kan tebur.

Hajiya ce ta kira ni ɗakinta. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen ruwa, ta yi zancen wuta, sannan ta ce, "Sista, ni dai ba na son abin da zai ja mini magana a gida. Me kike kawowa a bokitin nan?"

Da na buɗe baki na ce ɓawon lemo ne, da wataƙila an wuce wurin. Amma yadda ta yi tambayar tana kallon hannuna ya sa na gane abin da ake zargi, wai mabiyiyar masu haihuwa nake kwasowa, raina ya yi mummunan ɓaci. Ni da na karɓi haihuwar rabin matan layin nan, wasu ma a kan tabarmarsu ba ko sisi? Na ce, "Hajiya, duk mai son sanin abin da ke ciki ya zo ya sa kansa ya leƙa." Na tashi na fita. Bakina ya daɗe yana ja mini, ranar ma bai fasa ba.

Inna ta ji komai, don gidan haya ba ya da sirri. Da na shiga na tarar ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ajiye a gefen katifa. Ta ce wa bango, "A zubar musu da abin nan a huta. Ni ma in kama hanya, zaman ya isa." Na fita na zauna a kan bulo kusa da duron, ina jin ɗuminsa a bayana, ina lissafin cewa duk ranar da aka kifar da shi, ranar Inna za ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi, na dawo daga aiki da bokitina, tun daga bakin layi na hango mutane a ƙofar gidanmu. Ɗan acaɓan ya tsaya nesa ya ce nan zai iya. Samari ne suka fi yawa, irin waɗanda aka gama yawon kamfe da su aka bar su ba aikin yi, wasu da gora a hannu. Suka buɗa mini hanya, idonsu duk a kan bokitin. Ban taɓa jin nisan zauren gidan nan ba sai ranar. Amma na ƙi sauri.

A tsakar gida na tarar da mai unguwa a tsaye, dattijo ne mai sanyin magana, ga Hajiya, ga matan gida sun jeru a jikin bango. Matar direba tana durƙushe tana kuka ba sauti. Mai unguwa ya ce, "Malama, magana ta zo mini, ba ni so ta wuce nan. Ajiye bokitin ki buɗe."

Na buɗe. Ɓawon lemo ne da na ayaba, da tuƙar zoɓo a sama jawur. Wata ta yi salati ta ja da baya tun kafin ta duba da kyau. Mai unguwa ya sa sandarsa ya tona, ya gyaɗa kai. Daga zaure wani ya ɗaga murya, "Na yau ke nan! A juye duron!"

"Za a juye duron, Malama," in ji mai unguwa, "kowa ya gani da idonsa, a wuce wurin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a juye ba."

Na san yadda maganar ta faɗa a kunnensu. Na ga fuskar Hajiya ta sauya, na ga mai unguwa ya runtse ido. Amma ta yaya zan tsaya gaban layi guda in ce wannan duron shi ne igiyar da na ɗaure uwata da ita, alhali tana jina daga ɗaki? Na je na tsaya a bakin lungun na baje hannu. Na ce a ɗebo daga sama, a buɗe ƙofar ƙasa a duba, amma ba za a kifar ba. Ba wanda ya saurare ni. Hayaniya ta tashi, samarin suka turo ƙofar zaure suka fara shigowa gidan matan aure ba sallama, mai unguwa yana ɗaga sanda yana cewa su koma. Wani dutse ya daki kwanon rufin ɗakina. Wani ya fizgi mayafina ta baya har ya shaƙe ni. A lokacin na tabbata za a iya kashe ni a kan ɓawon ayaba, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na ji takun sanda. Inna ce ta fito, ba mayafi, ɗankwali a karkace, tana jan ƙafa. Ta ratsa ta tsakiyarsu, ba ta kalli kowa ba, ta zo ta tsaya a gabana, bayanta yana taɓa ƙirjina. Tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Ta ɗaga sandar ta nuna wanda ya riƙe mayafina, da bakinta da ya karkace ta ce, "Sake ta. 'Yata ce. Ni na haife ta."

Sannan ta juyo ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban maza da mata. Ta ce, "Matsa."

Na matsa, don ban san lokacin da ƙafata ta bi umarnin ba. Ta jingina sandar, ta sa kafaɗarta mai lafiya a jikin duron ta tura. Bai motsa ba. Mai unguwa ya miƙa wa Hajiya sandarsa ya kama mata, suka tura tare, duron ya sauka daga kan bulo ya kife da ƙara, cikinsa ya bazu har tsakar gida.

Na sama ɓawo ne da tuƙar zoɓo da toka, yana tururi. Na ƙasa kuwa, wanda ya fi yawa, baƙar ƙasa ce lallausa, gwazarma suna motsi a ciki, sai guntayen kara da ba su gama ruɓewa ba. Matar direba ta rarrafo ta sa hannu biyu tana tonawa, tana murtsukewa, tana watsarwa, ta bi tarin nan kaf. Ba wanda ya hana ta. Da ta gama ta zauna a cikin takin ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ina jin tun ranar haihuwar ba ta yi ba. Inna ta dafa kan yarinyar. Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har da mai yin tsaki, kamar an hana su kallon ƙwallo.

Mai unguwa ya ba ni haƙuri, Hajiya ta ce ita dama ba ta yarda ba. Na ji su, amma har yau ban ce na gama hucewa ba. Idona yana kan Inna. Ta sunkuya da ƙyar ta dumbuzi baƙar ƙasar, ta murza, ta kai hanci. Ta ce, "Ya nuna."

An wanke ni a gaban duniya, amma taki ya nuna, babu sauran abin da zai riƙe Inna. Na shiga ɗaki na ga ƙullin kayanta yana nan inda yake. Ranar ba mu yi magana ba, dama ba mu saba ba. Na ba ta magani ta sha, na dafa abinci ba wanda ya ci. Na fara tunanin ƙwaya nawa zan haɗa mata, da wanda zan roƙa a ƙauyen ya riƙa tuna mata.

Washegari bayan asuba na ji ƙarar ƙarfe a lungu. Na fita. An share takin an tara shi a gefe an rufe da buhu, ban san wadda ta yi ba a cikin matan. Inna tana tsaye ta sa gwiwa da hannu ɗaya tana kokawar tayar da duron. Na kama muka ɗora shi a kan bulo. Ta tsaya tana haki, ta leƙa cikinsa wayam, ta daɗe. Sannan ta juya ta dubi katanga.

"A ce wa waccan ta samo kara," ta ce. "Kuma wannan karon a yi masa rumfa, ruwa ya yi masa yawa."

Na ce to. Na shiga ɗaki neman mayafi, na tarar ta kwance ƙullin, ta mayar da zannuwanta cikin kwalla. Na zauna a bakin katifa na yi kukan da ban yi jiya ba, sannan na wanke fuska na tafi neman kara.

Ta yi shekaru a ɗakin nan, duron ya cika ya nuna ban san sau nawa ba, kuma kullum kafin a kwashe wani ta sa an fara wani. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake kiran sunana ba.